Gwadabe Mai Tsayar da Layi

Duk rabon da za a yi a Haɗeja, na taki ko na tallafin ambaliya, Gwadabe ake kira ya tsayar da layi. A aikin nan ya yi furfura, muryarsa ta dishe, amma bai taɓa ganin layi ya miƙe ba. Da ya koma gyara baya, sai ya tarar da surukin ciyaman a gaba yana gyara hula.

Ran nan 'yarsa Bashira ta zo hutu daga jami'a, ta nuna masa hoto a waya: zobe cikin zobe, tsaf kamar saƙar faifai. Ta ce ƙwayoyin bakteriya ne da aka sauya wa halitta a ɗakin gwaji, su suke jera kansu.

"Wa ke riƙe musu bulala?"

"Ba kowa, Baba."

"Ciyaman ɗinsu fa?"

"Ko ƙwaƙwalwa ba su da ita."

Gwadabe ya ja tsaki, ya miƙa mata wayarta.

"Ba ku gwada su ba tukuna. Ku jefa musu buhun taki ɗaya mu gani."