Kanwar da Ta Ci Ƙanwar Salamatu

Salamatu mai sabulu ba ta san baƙi ɗaya na boko ba, amma a Zangon Kumasi na zamaninta babu ɗakin da ya kai nata tarin takardun Turawa. Daga Dogon Dutsi iyayenta suka sauko da ita tana goye, cikin ayarin masu goro, aka sauka a unguwar Alabar, ba a kuma tashi ba. Nan ta girma, nan ta koyi ƙona kwasfar koko da ɓawon ayaba, ta tace ruwan toka, ta dafa shi da man kaɗe har ya zama sabulun salo. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk tabon ƙuna. Ba ta da yawan dariya. In ta ce maka sannu, sai ka duba ƙasa ko ka taka mata wani abu.

Mijinta Kimba ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa, irin waɗanda Tonawa, 'yan asalin Kumasi, ke kira kayakaya. Shi ya fara kawo mata takardun. Kantunan Turawa kan naɗe tangaran da kwalabe da tsofaffin mujallun ƙasarsu, in an kwance kaya sai a watsar, Kimba ya kwaso mata na hura wuta. Wata rana tana shirin cusa ɗaya a murhu, idonta ya faɗa kan wani ɗan hoto a saman shafi: Baturiya riƙe da cokali, tana juya wani abu a tukunya. Salamatu ta san tsayuwar mai dafa sabulu in ta gan ta, fuska a kawar gefe, hannu a miƙe. Ta fasa ƙonawa. Da ta bincika sauran, sai ta ga matar nan tana dawowa a mujallu daban-daban, kullum a gefen shafi, da ɗan dogon rubutu a ƙarƙashinta.

Tun daga nan ta shiga farautar Baturiya mai cokali. Annobar murar da ta biyo bayan yaƙin Jamus ta ɗauke Kimba, amma farautar ba ta tsaya ba. Takan bi masu sayar da gishiri da taba a kasuwa, ta warware ƙunshinsu ta duba. Ta taɓa fizge takarda daga hannun mahauci, jini da kitse duk a jiki, ta wanke ta shanya.

Mai karanta mata shi ne Malam Mamudu, wanda ya yi aikin kuku a gidan wani Bature lokacin yaƙi, ya fito da Turanci daidai na cefane. Ladansa curin sabulu. Yakan gyara hula, ya nisanta takardar da fuskarsa, ya yi ta motsa baki kafin ya fassara. In ya ce wannan na tawada ne, Salamatu ta huda gefen takardar ta ɗaura baƙin zare. Na rini shuɗin zare. Na maganin tabo da tsatsa koren zare. Duk wanda kuwa ya ce a cikinsa akwai kanwa, farin zare. Ta jera su ɗauri-ɗauri cikin adudu, ta shimfiɗa ganyen taba a tsakani saboda gara da laimar Kumasi.

Ɗaurin farin zare ya fi kowanne kauri, domin kalmar soda ta cika takardun, Mamudu kuwa duk inda ya ga soda sai ya ce kanwa. Kanwar Bature. Daga cikinsu ta samo yadda ake farin sabulu mai tauri. Ta je wani kanti kusa da tasha ta sayo abin a gwangwani, fari fat kamar dutsen gishiri. Ta lura yana cizon fata, amma ruwan toka ma in ya yi ƙarfi yana cizo, ba ta ɗauke shi wani abu ba. Sabulunta ya fito fari sol, matan Tonawa suka riƙa hawowa Zango nemansa.

Tare da ƙanwarta Hadija take zaune, ɗaki ɗaya, a gidan maigida Seini, dillalin shanu. Hadija wake da shinkafa take sayarwa da safe, ga surutu, ga tsokana. Kowa a layin ya san muryarta kafin ya ga fuskarta. Ita ce wata rana ta ji Mamudu yana karanta wata takarda da ta ce in an jefa ɗan soda a tukunyar wake, nan da nan yake nuna.

"Yaya, kin ji?" in ji Hadija. "Ashe Turawan ma da kanwa suke dafa wake. To me suka fi mu, ban da dogon hanci?"

Salamatu ta ɗaura wa takardar farin zare, ta haɗa da 'yan'uwanta.

Wata safiya kanwar Hadija ta ƙare, Salamatu kuma ta sauka rafin Subin wankin tukwane. Hadija ta buɗe gwangwanin yayarta, ta ɓantaro guntu. Babu macen da ke jefa sabuwar kanwa a tukunya ba ta ɗanɗana ƙarfinta ba, haka uwarsu ta koya musu. Ta ɗora a harshe ta rufe baki.

Kafin a kira Salamatu ta hawo, an riga an ɗura wa Hadija manja da ruwan tsamiya. Rai ya yi saura. Amma harshe ya saɓule, leɓe ya kumbura ya tsage, da ya warke kuma sai ya warke a karkace. Magana ta koma kamar ta mai tauna zafaffen dankali. Ɗanɗano ya tafi ɗungurungum, ba ta bambanta gishiri da ƙasa. Mai abincin da ba ta jin gishiri kuwa ta gama sana'a.

Sai bakin Zango ya buɗe. A Kumasi, inda Bagurunshe da Bamoshe da Batone duk ke jin Hausa, da yawa ba su raba kanwa da ƙanwa a furuci, duk ɗaya suke fitowa. Wannan ya ba 'yan tsegumi abin wasa. Salamatu na wucewa da tirenta sai ta ji daga rumfa: "Mai sabulu, nawa kanwa yau? Ta tukunya ko ta ɗaki?" Wasu suka ce ai ba haɗari ba ne, takardun nan ƙulle-ƙullen kafirai ne, sai da suka nemi jini kafin sabulu ya yi fari. Zaren launi-launi da ta ɗaura ma ya zama hujja. Wa ke ɗaura wa takarda zare in ba mai asiri ba?

Maigida Seini ya kira ta zaure. Yana kishingiɗe kan buzu, ko zama bai ce ta yi ba.

"Salamatu, kanwa uwar gami, kin gama ni da mutane. Ba a sayen shanu a hannun mai gidan da ake ajiye tsafi. Kafin Juma'a ki fito da adudun nan tsakar gida a ƙone shi a idon kowa. In kin ƙi, ki nemi wani ɗakin. Yarinyar za ta iya zama wajen iyalina, ita ba ta yi laifi ba."

"Baba Seini, takarda ce ta lasa?"

"Ban kira ki muhawara ba."

"Gwangwanin na nan a kanti, ana sayar wa kowa. Shi ba za a ƙone shi ba?"

"Kantin nawa ne?" Ya juya carbinsa. "Juma'a."

Ta fito ta koma ɗakinta. Ɗakin nan ta shigo tana amarya, daga nan aka fitar da gawar Kimba. Mace ba miji, ga damina ta kawo kai, ga sunan da aka ɓata mata, wa zai ba ta wani ɗakin a Zango? Ta zauna bakin gado ta kalli adudun, ta kalli Hadija da ke kwance fuska a bango. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta san abin da ya faru ba. Takarda ta ce a sa a wake. Ko dai Turawa maƙaryata ne, ko kuwa akwai inda magana ta karkace a hanya.

Ta zaro ɗaurin farin zare ta nufi gidan Mamudu. Ta same shi a ƙofa yana yankan farce, da ya hango ta sai ya fara neman takalmi.

"Zauna, Malam. Ba dukanka na zo yi ba, ko da yake ka cancanta."

"Mma Salamatu, wallahi abin da na gani na faɗa. Soda na gani, soda kuwa kanwa ce."

"Karanta mini ta wake. Kada ka fassara, faɗi yadda Baturen ya rubuta."

Ya karanta. Ta miƙa masa ta farin sabulu, ya karanta. Ta ce ya sake. A karo na biyun kunnenta ya kama wani abu.

"Wannan da kake faɗa kafin soda, a ta wake daban yake, a ta sabulu daban. Mene ne shi?"

Mamudu ya sosa ƙeya. "Wannan? Ai laƙabi ne kawai. Kamar a ce Malam wane, ko Alhaji wane. Mutumin dai ɗaya ne. Shi ya sa nake tsallakewa."

Salamatu ta karɓe takardar daga hannunsa.

"Laƙabi," ta ce. "Mu da muke da ungurnu, muke da jar kanwa, muke da fara, kowacce da aikinta, ko yarinyar da ba ta yi lalle ba ba za ta ba jaki kanwar miya, ta ba miya ta jaki ba. Kai ka ɗauka Bature ba shi da hankalin raba nasa? Seini mai shanu da Seini mai fashi, duk Seini ne, ko? Sai ka buɗe wa kowanne ƙofa!"

"Ban sani ba, Mma. Uwargidan da na yi wa aiki soda kawai take cewa."

"Ba ka sani ba, amma ka iya gyara hula! Da ka ce ban sani ba tun farko, da curin sabulu biyu na ba ka."

Ba ta bar shi ya tashi ba sai da rana ta karkata. Ɗaya bayan ɗaya ya karanta, ita tana saurarar abin da ke gaban soda. Iri uku suka fito: ta burodi da wake, ta wanki, da wadda ake sabulu da ita. A ƙasan takardun wannan ta ukun akwai ƙananan baƙaƙe da Mamudu bai taɓa kulawa ba, don sun yi wa idonsa ƙanƙanta. Ya matso da takardar dab da hancinsa, ya karanta: guba ce, a nisanta ta da abinci. Salamatu ta yage gefen ɗankwalinta ja, ta zare zare, ta ɗaure su daban.

Ranar Juma'a da hantsi mutanen gida suka taru, an riga an haɗa itace a tsakar gida. Salamatu ta fito da adudun a ka, ba ta sauke ba.

"Baba Seini, ga abin da na samo. Kanwar Bature uku ce, ɗaya ana ci, ɗaya ana wanki, ɗaya tana kashewa. Duk farare ne, duk suna ɗaya ake kiransu a kasuwa. Babu inda aka rubuta bambancinsu a Zangon nan sai cikin adudun nan. Ka ƙone shi, gubar na nan, sunanta na nan, gobe wata ta lasa."

"Kin gama?" in ji Seini. "Sauke."

"A kira Malam Mamudu ya faɗa da bakinsa."

"Ni ba da kanwa nake faɗa ba, da bakin mutane nake. Mutane sun ce a ƙone. Sauke, ko ki fita."

Ta dubi matan gidan, waɗanda shekara da shekaru suke wanka da sabulunta kyauta. Kowacce ta sami abin kallo a ƙasa. Ta dubi Hadija da ke tsaye bakin ƙofa, mayafi rufe da baki.

"Yaya," in ji Hadija, kalmar na fitowa da ƙyar, "ba su. Takarda ce kawai."

Wannan ce ta fi yi mata zafi. Idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi.

"Ke ma? To ki zauna, Allah ya ba ki lafiya. Baba Seini, ga ɗakinka. Itacen kuwa kada ya yi asara, a dafa maka ganda."

Ta wuce ta gaban kowa da adudunta, ko tabarma ba ta ɗauka ba, sai daga baya aka aika mata da tukwanenta. Rumfar da take dafa sabulu a gangaren Subin ita ta zama gidanta. Ta yi mata bango da langa-langa da buhunan koko, ta rataye adudun a sama inda ambaliya ba ta kaiwa, daminar nan ta yi ta rabi a tsaye rabi a zaune. Hadija ta ci gaba da zama gidan Seini har ta yi aure can unguwar Dichemso. Sukan gaisa a suna da biki, sama-sama.

Kantin bai sauya komai ba, kasuwa ma ta ci gaba da cewa kanwar Bature. Salamatu ta raɗa wa abin suna karen sabulu, don yana cizo, amma ban da masu koyon sana'a a hannunta babu wanda ya ɗauka. Ta tsufa a gangaren nan tana tara Baturiya mai cokali, duk wanda zai karanta mata kuwa sai ya faɗi kowace kalma, har ƙananan. Da Seini ya rasu aka aiko mata, tana tsaye kan tukunya. Ta ce Allah ya jiƙan Musulmi, ta ci gaba da juyi, ba ta je gaisuwa ba.