Taku Saba'in da Biyu na Don Fermín

Ka san taku nawa ƙafarka ke yi a yadi sittin? Ni ban sani ba sai da na kusa rasa aikina.

Shekara goma sha ɗaya ina farauto wa wata ƙungiyar besbol, wasan ƙwallo da sanda, ta Amurka 'yan wasa a garin San Pedro de Macorís da ke tsibirinmu. Na sa wa yara arba'in da uku hannu a kwantiragi. Biyu daga cikinsu har yau ana ambatonsu idan ana lissafa kwantiragi mafi muni da ƙungiyar ta taɓa yi. Na biyun an biya shi dala dubu ɗari bakwai saboda gudu, ya isa Amurka yana ja kamar amalanken rake. Maigidana ya ce mini ta waya, "Radhamés, ka ƙara na uku, ka nemi wani aikin."

Don Fermín Alcántara shi ke gyara filin horonmu. Shekara talatin da ɗaya yana jan farar ƙasa a kan layi, kafin nan kuma ya yi goma sha biyu yana saran rake. Bai iya karatu ba, ba ya riƙe igiyar awo. Kowace safiya sai ya ci dakakkiyar ayabarsa, ya taka filin daga kusurwa zuwa kusurwa, leɓensa na motsi. Na ɗauke shi ran nan ne don kawai ya riƙe mini sandunan wasa.

Filin Chelo Paulino muka je, dillalin da ke rainon yara yana sayar wa ƙungiyoyi. Ya fito da Wilkin, ɗan shekara goma sha shida. Yaron ya sheƙa yadi sittin, na danna agogo. Sakan shida da ɗigo uku. Na sa ya sake. Shida da uku. Irin gudun da ba a cika gani ba.

"Dubu ɗari tara, ɗan'uwa," in ji Chelo. "Wasu masu saye na zuwa ƙarfe biyu. Ka sa hannu ko ka sha kallo."

Ƙarfe ɗaya da kwata ake ciki. Na zaro takardar, na cire murfin biro. Sai na hangi Don Fermín yana tafe daga layin farawa, hannu a baya, leɓe na motsi.

"Kai tsoho, kwabonka ya faɗi ne?" Chelo ya daka masa tsawa. "Fitar mini daga fili!"

Bai ko waiwaya ba. Da ya kai layin ƙarshe ya dawo wurina.

"Ɗana, sittin da shida."

"Sittin da shidan me, Don Fermín?"

"Taku. A filinmu saba'in da biyu nake yi. Ko dai ƙafata ta ƙara tsawo yau, ko filin nan ya sha wanki ya tsuke."

Chelo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ƙafar mai saran rake za ka bi, ka bar agogon dala ɗari biyu?"

Saura minti talatin. In tsohon ya yi kuskure, na saki yaron da babu irinsa a tsibirin nan, an kore ni. In ya yi daidai kuma na sa hannu, an kore ni. Na ruga mota na ɗauko igiyar awo, wadda rabona da ita shekara huɗu. Don Fermín ya riƙe bakinta, na ja.

Yadi hamsin da biyar.

Muka ja sabon layi. Wilkin ya gudu, kansa a ƙasa: shida da tara. Gudun kowa da kowa. Na mayar da murfin biro. A mota ne na tuna cewa yaron dubu ɗari bakwai ma a filin nan na gwada shi.

Aikina na nan. Don Fermín ya ƙi karɓar komai sai sabon takalmi, lamba arba'in da biyu, kuma sai da ya taka filinmu da shi sau uku kafin ya yarda.

Nawa takun sittin da takwas ne. Gobe ka auna yadi sittin, ka taka, ka ƙirga naka, ka riƙe shi a ka.