Kwanon Shamuwa

Har yau idan ruwa ya ɗauke da magariba, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya haɗu da hayaƙin mai gasa masara a bakin layinmu, sai in tsinci kaina a ɗakin Kaka Lami, zaune a kan tabarmar kaba, ƙafafuna miƙe wajen wuta. Kaka Lami ita ta haifi mahaifiyata. Gidansu yana wani ɗan ƙauye a bayan Ɗambatta, inda gonaki suka matse juna, ba ka gane iyakar ta wani sai ka ga layin gamba. Ni kuwa a Rijiyar Zaki aka haife ni, a can na girma, kuma sau ɗaya nake zuwa ƙauyen a shekara, a dogon hutun damina.

Dangin mahaifiyata Kirista ne, ita kaɗai ta musulunta kafin ta auri babana. Babana bai taɓa hana ni zuwa ba. Abu ɗaya ya roƙa, yana durƙushe a gaban Kaka, shi ne kada in ci naman da ba Musulmi ya yanka ba. Magana ce 'yar ƙarama, amma mutanen gidan suka karɓe ta hannu bibbiyu, suka yi ta faɗaɗa ta don gudun a ce sun ci amana. Aka saya mini tukunyata daban. Aka ware mini moɗar shan ruwa. Aka kuma samo wani kwano shuɗi mai fure a murfi, wanda Kaka ke ɗaurewa da tsohon ɗankwalinta ta rataye a rufin ɗaki, ba a sauke shi sai ranar da na iso. Ko miyar kuka ce zalla, ba nama ba ƙashi, tawa daban ake kaɗawa. Ranar da za a yanka kaza kuwa, Kaka da kanta take rungumar wata ta ratsa gonar gero zuwa gidan maƙwabcinsu Malam Garba ya yanka mini.

Duk wanda ya ji wannan zai ce gata ne, kuma gatan ne. Amma ni na tsani kwanon nan. Da yamma 'ya'yan Kawu Istifanus sukan kewaye ƙatuwar roba ɗaya, guiwa na gugar guiwa, ana ture hannu, ana faɗa kan ɗan ƙashi, ana dariya da tuwo a baki. Ni kuma ina gefe a kan kujerar tsugunno, da cinyar kaza guda tawa ni kaɗai, ba mai ko kallonta. Ina ci ina leƙensu. Da ma ga Hausata ta birni da suke kwaikwayo, ga ba na iya riƙe fartanya, ga ranar Lahadi kowa ya yi wanka ya tafi coci a bar ni da awaki. Rahila, sa'ata, 'yar Kawu, wadda take abokiyar wasata kuma ba ta taɓa raga mini ba, ita ta laƙa mini suna Shamuwa. Wai sai damina ake ganina, in ci in ƙoshi, kafin wahalar girbi ta zo na tashi.

Wata Lahadi, bayan an dawo daga coci, Kawu ya yanka ɗan akuya. Ƙamshi ya cika gida. Da aka ajiye wa yara robarsu, ban san lokacin da na ture kwanona ba, na kutsa tsakanin Rahila da ƙanenta Bulus, na tsoma hannu. Ba naman nake so ba, Allah ya sani, matsatsin nake so. Kafin lomar ta kai bakina, Inna Saratu matar Kawu ta cafke wuyan hannuna.

"Ke 'yar nan, ki rufa mana asiri!" in ji ta. "Me za mu ce wa babanki?"

Ta ja ni bakin randa, ta wanke mini hannu da sabulu har tsakanin yatsu, yara na kallo, ba wanda ya yi dariya. Da sun yi dariyar ma da ya fi mini sauƙi. Na fizge na tafi bayan rumbu na zauna, na yi kuka har na gaji, na kuma ƙudura a raina gobe da sassafe sai an kai ni tashar Ɗambatta an sa ni a motar Kano.

Yayyafi ya fara. Na ji yara suna shiga ɗakin Kaka kamar kullum, na hango hasken wutar kara yana rawa a bango. Kaka ba ta aiko a kira ni ba, ta san halina, in aka lallashe ni sai in ƙara hawa. Sai kawai ta ɗage asabarin ƙofa, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan tafe, ƙafarta duk laka."

"Ta wanke ta shigo!" yara suka amsa.

Haka take buɗe tatsuniyarta, ban taɓa jin wani ya buɗe haka ba. Na matso daga bayan rumbu zuwa gindin bango, daga gindin bango zuwa bakin ƙofa, rabina a ciki rabina a waje, ruwan jinka na ɗiga a kafaɗata. Kaka ta yi kamar ba ta gan ni ba, tana juya masara a kan garwashi.

Ta ce wai a wani gari akwai tsohuwar tsamiya, tsuntsaye sun cika ta, kowa da reshensa. Can a ƙololuwa akwai sheƙar shamuwa, babba, wadda take zama fanko rabin shekara. Wata shekara da rani, kurciya da gwara da sauran mazauna bishiyar suka taru suka ce wannan wace irin 'yar gida ce, ba ta sha zafin rana da mu, ba ta san yunwar bazara ba, sai fari sun fito ta zo ta miƙe dogayen ƙafafu a kanmu. Suka hau suka warware sheƙar tsinke bayan tsinke, kowa ya kwashi rabonsa.

"Kurciya ita ta fi kowa zaƙewa," in ji Kaka, ta ɗan harari Rahila. "Irin masu ƙaramin kai da babban baki."

Lokacin shuka ya yi, shamuwa ta taho daga nesa, hadari na biye da ita a baya kamar ɗan maraƙi. Ta zagaya tsamiya, ba sheƙa. Ta sake zagayawa, ba sheƙa. Sai ta miƙe ta yi arewa, hadarin ya bi ta. Mutanen garin suna tsaye da irinsu a ƙwarya suna kallo ruwa ya wuce ta saman kansu. Ƙasa ta bushe, fari ba su fito ba, tsutsa ba ta fito ba. Tsuntsaye suka je wurin tsamiya suna kuka, ita kuma ta ce musu, ai hadari makaho ne, bai san gari ba, inda shamuwa ta sauka nan yake sauke kayansa. Sai kowa ya koma ya zare tsinken da ya ɗauka daga tasa sheƙar, suka hau ƙololuwa suka sake ginawa. Kurciya ta rasa nata tsinken, sai ta tsige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa a ciki.

Nan Kaka ta koma juya masararta. Wuta ta yi ƙasa, yayyafi na taɓa jinka a hankali, inuwar kayan da ke rataye a rufi tana lilo. A idona a lokacin, ɗakin ya zama cikin tsamiyar, mu duka muna kan rassa, muna duban arewa.

"To ta dawo?" Ni ce na tambaya, na manta ina fushi.

"Au, ƙawata, ashe kina nan?" in ji Kaka. "Ni ban sani ba ko ta dawo. Na baro su suna gyara sheƙar, kullum da safe sai wani ya hau ya kakkaɓe ta. Na raka tatsuniyata bakin shinge, na sake ta."

Yara suka yi ta ƙorafi wai wannan ba ƙarshe ba ne. Kaka ba ta kula su ba. Ta miƙa hannu ta jawo kwanona shuɗi, wanda aka shigo da shi ba a taɓa ba, tuwon ya huce, man miyar ya daskare. Ta wanke hannu a ƙwarya, ta buɗe murfin, ta gutsuri loma ta kai baki.

Inna Saratu da ke tsaye a ƙofa ta dafe ƙirji. "Inna, kwanon yarinyar ne fa!"

"Na sani, ni na saye shi," in ji Kaka tana tauna. "Ina zaune a nan babanta ya yi magana, da kunnena na ji. Cewa ya yi kada ta ci namu. Bai ce kada mu ci nata ba." Ta dube ni. "Za ki zo ne, ko in cinye?"

Bulus bai jira an gayyace shi ba. Kafin in gama zama, hannaye sun cika ɗan kwanon, Rahila ta ture ni da guiwa, na rama, wani ya taka mini yatsa. Tsokar kazar da Malam Garba ya yanka domina, Bulus ne ya sure ta ya cusa a baki gaba ɗaya, idanunsa sun firfito don sauri. Loma biyu ko uku na samu a daren, na kwanta da yunwa, kuma ban taɓa yin barci mai daɗin wannan ba. Washegari ba wanda ya yi zancen tasha. Daga ranar, in ina gidan, a tukunyata ake yi wa yara miya, sai da ta yi kaɗan aka sayo babba.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin faɗan da Kaka ta yi wa Rahila, ina jin daɗi an rama mini. Sai da na girma na lura rabinta da ni take. Shamuwar nan ba ta tambayi kowa ba, ba ta tsaya ta ji ba, zagaye biyu ta yi ta tafi da ruwanta. Kuma abin da na yi ke nan. Bayan Kaka ta rasu, ƙafata ta ɗauke daga ƙauyen. Karatu, aure, aiki, duk na jera su a matsayin dalili, amma gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Gani nake Kaka ce kaɗai igiyar da ta ɗaure ni da gidan, in na je yanzu za a shimfiɗa mini sabuwar tabarma, a gaishe ni da ladabi, a kira ni Hajiya. Na fi son in riƙe gidan a raina yadda na san shi, da in je in tarar na zama baƙuwa.

Bara da damina 'yata Ummi ta tambaye ni inda kakarta ta girma, na rasa abin da zan nuna mata. Muka hau mota zuwa Ɗambatta, muka hau babur muka ratsa gero da ya fi mu tsayi. Gidan ya sauya, ɗakin Kaka ya rushe an yi na bulo mai rufin kwano a wurin. Na tsaya a ƙofar gida, Ummi ta ƙanƙame gefen mayafina. Wata mata mai jiki ta ɗago daga wanke-wanke, ta ƙura mini ido, sai ta juya ta ƙwala kira cikin gida.

"Ku kwashe shanya, ruwa na tafe! Shamuwa ta sauka!"

Rahila ce. Ta rungume ni da hannunta duk kumfa, tana zagina wai na yi ƙiba na manta da talakawa. Da yamma ta aika a kai zakara gidan Malam Garba, ɗansa ne ke yanka yanzu. Da aka sauke tuwo, ta shiga sabon ɗakin ta hau kan kujera, ta kwanto wani ƙulli daga jikin azara. Na gane ɗankwalin tun kafin ta kwance shi. Kwanon ya ɓantale a baki, furen murfin ya kusa gogewa, amma a wanke yake tas.

"Duk shekara in damina ta faɗi sai na sauke na wanke," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Kaka ce ta bar mini aikin. Kin wahalar da ni, wallahi."

Ta zuba tuwo a ciki ta ajiye a gaban Ummi. Na ga yarinyar ta dubi kwanon, ta dubi sauran yara da ke tsaye nesa kaɗan, fuskarta ta yi irin abin da na sani sarai. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ashe layi suka yi a bakin randa suna wanke hannu. Suka taho a guje suka kewaye ta, guiwa na gugar guiwa.

Can sai ga muryar Ummi daga tsakiyarsu, cike da ɓacin rai.

"Mama! Mama, wannan ya ɗauke mini nama!"

Na juya fuskata wajen gonar gero don kada ta ga idona.

"Ki ture shi," na ce. "Ɗan'uwanki ne."