Bangon Kicin ɗin Dona Gracinda

Duk wanda ya zauna a Jamhuriyar Ƙadangaru, gidanmu na ɗalibai a Coimbra, zai gaya maka duk shekara ake zaɓen shugaban gida. Ana zaɓe kam. Amma mai mulkin ba a taɓa zaɓenta ba, Dona Gracinda ce, mai dafa mana abinci. 'Yar wata mai wankau ce daga bakin kogin Mondego. Mijinta ya rasu tana da shekara ashirin da shida, ta shigo gidan da tukunya ɗaya da zafin rai, ta yi shekara arba'in da ɗaya ba ta rabu da ko ɗaya ba. Mu goma sha biyu ne, kowa dakta take ce masa, har wanda ya faɗi jarrabawa sau uku. In ta ja kalmar, to zagi ne.

Dokar gidan, sabon shiga sai ya yi wata shida ana kallon halinsa kafin a yi masa ƙuri'a, kuma mutum ɗaya ya ƙi, sai ya kwashe kayansa. A watannin nan makarantarsa kicin ce. Bangon cike yake da rubutu daga ƙasa har rufi, don duk ɗan gidan da zai tafi yakan bar sunansa da shekararsa da magana ɗaya, da gawayi ko ragowar fenti. Sabon shiga zai zauna yana ferar dankali yana karanta bangon da ƙarfi, kullum, sai ya haddace. Dona Gracinda ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma tsallake suna ka gani.

"Daaakta, ina ka kai Belmiro mai tari? Ko ka fere shi da dankalin?"

A 1977 ni aka ɗora wa koyar da sababbi. Shekarar Custódio ya zo mana daga wani ƙauye a Alentejo, dogo, shiru-shiru, hannuwa kamar faranti. Duk ƙauyensu shi ya fara taka jami'a, kuma ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa a Coimbra in ba gidanmu ba. In muka ƙi shi, karatu ya ƙare, sai komawa yankan alkama. Ya zo a makare, saura kwana uku hutun Ista, ni kuwa hankalina ya riga ya hau jirgi. Na ce maganar bango sai mun dawo. Abu ɗaya na koya masa, cewa sabon shiga na kirki yakan yi wa gida hidima ba sai an sa shi ba.

Kowa ya watse, Dona Gracinda ma ta tafi wajen ƙanwarta, aka bar shi shi kaɗai. A garinsu ba a shiga Ista da bango mai datti. Ya dubi namu, baƙin hayaƙi da zane-zane irin na ban-ɗakin makaranta, ya ji tausayinmu. Ya kankare shi tas, ya shafa farar ƙasa har sau biyu.

Ranar da muka dawo yana tsaye a ƙofar kicin yana murmushi, da farar ƙasa a gira. Ni na wuce wajen taga. A nan wana Fausto ya bar rubutunsa a 1970, kafin a ɗauke shi soja a kai shi Gini, inda bai dawo ba. Duk safiya da rubutun nan nake fara gaisawa. Na shafa wurin, fari fat, sumul. Na tsani yaron nan a ranar, tsana ta gaske, kuma ko kusa bai zo mini a rai cewa laifina ne ba.

Valdemar, shugabanmu, ya ce ba sai an jira wata shida ba, Lahadi ta sama za a yi ƙuri'a. Da wake muke yi, fari amincewa, baƙi ƙi, a jefa cikin tukunya. A ranar na zaɓi baƙin wakena na sa a aljihu.

Dona Gracinda ta iso washegari. Ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta ajiye kwandonta.

"Aiki ya yi kyau," in ji ta. "Tun da na zo gidan nan ban ga namijin da ya iya riƙe buroshi ba sai yau. Saura hankali." Ta zaro gawayi daga murhu ta miƙa wa Custódio. "Hau kujera, ɗan nan. Daga saman murhu za mu fara."

Kwana tara suka yi. Tana yankan kabeji tana faɗa, yana rubutawa, suna ɗari da ashirin da wani abu, kowanne a gurbinsa. Ta kan ce, "A'a, matsa hagu, wancan gajere ne, hannunsa bai kai nan ba." Tsakanin suna da suna har da ƙarin da ba ya kan bango: wanda ya sace mata kaza ya dawo da ita a soye, wanda ya zama alƙali amma har yau tsoron ludayinta yake. 'Yan gida suka fara leƙowa, daga leƙe sai gyara, daga gyara sai dariya. Ni ban taka kicin ba, a ɗaki nake cin burodi da kifin gwangwani kamar mai takaba.

Ranar Lahadi da hantsi ta aiko a kira ni. Bango ya cika, sai wuri ɗaya fari a gefen taga.

"Dakta Telmo, saura naka."

"Kin fi ni saninsa, ki faɗa masa."

"Na sani. Sau dubu na ji shi. Amma ni kuku ce, kai aka ba aikin koyarwa, ka ajiye ka tafi cin ƙwan Ista. Yi aikinka."

Custódio na tsaye da gawayi, kansa a ƙasa. Na faɗa ba tare da na dube shi ba: "Fausto Meireles, 1970. Miyar ba gishiri, amma zan dawo."

Ya rubuta a hankali, da rubutunsa mai ƙiba na 'yan ƙauye. Ya juyo.

"Ya dawo kuwa?"

Ashe ba wanda ya gaya masa. Na ce a'a. Ya dubi sunan ƙarshen, iri ɗaya da nawa, ya dube ni.

"Wane irin mutum ne?" ya tambaya.

Shekara huɗu ina gidan, sababbi nawa suka karanta sunan nan suna ferar dankali, ba wanda ya taɓa tambayata. Na zauna a kan buhun dankali na fara. Yadda yake waƙa ba murya, yadda ya koya mini iyo ta hanyar tura ni kogi, wasiƙarsa ta ƙarshe da yake tambayar ko an gyara famfon bene. Na yi kuka, shi ma ya yi. Dona Gracinda ta juya mana baya tana ta ƙara wa miya gishiri, ranar miyar ba ta ciwu ba.

Bayan abincin rana Valdemar ya ɗora tukunya a kan tebur, kowa ya tashi da wakensa a dunƙule. Na laluba aljihu, baƙin nan kaɗai gare ni. Na ce a jira ni, na koma kicin ina jin kunyar abin da zan roƙa.

Tana wanke-wanke. Ban buɗe baki ba, ita ma ba ta waiwayo ba. Ta goge hannu a zani, ta miƙo mini farin wake ta bayanta.

"Tun asuba yake aljihuna," in ji ta. "Yi sauri, yaron bai ci komai ba tun jiya."