Zanen Inna a Jikin Kati

Ni mahauci ne a Garwa, ban san wani kati ba sai na asibiti. 'Yata ce ta koyo yin katin gaisuwa a lekol, wato makarantar boko. Takan yanka takarda mai ado, ta manna duwatsu, ta buga tambarin fure, ta rubuta gaisuwar sabuwar shekara da Faransanci.

Wata safiya na shiga shagon maƙwabcina tela, sai na ga kati jingine a kan kekensa. Na matsa kusa na duba. Ƙyallen da aka manna a jikinsa na san shi: shuɗin zanen marigayiya Inna ne, mai hoton tsuntsaye, abin da kawai ya rage mini nata.

Na koma gida na buɗe akwati. Rabin zanen na tarar, sai na kira 'yata.

"Ke, wa ya ba ki?"

"Baba, takardata ce ta ƙare. Na ga ba mai ɗaura shi."

Na ce ta kawo sauran katunan. Ta ce duk ta rabar a unguwa.

Ban dake ta ba, ban karɓo ko ɗaya ba. Amma har yau in na shiga shagon tela, baya nake ba wa keken.