Ɗaure Bakin Tsohuwa

A gidanmu na Azare komai da lokacinsa. Ana idar da magariba a ci tuwo, a wanke kwanuka, sannan Kaka ta jawo kaskon wuta gabanta, mu kewaye ta ni da yayyena mata biyu. Ita ta haifi babanmu, Malam Bukar mai injin niƙa, wanda ya rasu ina shekara huɗu. Abin da aka gaya mana kawai shi ne wuta ce ta kama shi.

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Ɗaya ce ba a dariya a cikinta, kuma ba ta yin ta sai ranar da ta wuni shiru.

"Ga ta nan tafe, ku gyara zama," in ji ta. Wai wani mutum ne yake da bijimin ƙarfe, ba ya cin ciyawa, walƙiya yake sha, ya niƙa hatsin gari duka. Mutumin yana da uwa tsohuwa mai kunne. Da ta ji nishin bijimi ya sauya sai ta ce, "Ya gaji, ku bar shi ya huce." Da farko ana jin maganarta. Daga baya aka fara ƙorafi. A ƙarshe, ranar jajiberin salla, mata sun yi layi da kwanuka, sai aka samo waya aka ɗaure bakin tsohuwa. Bijimi ya yi zafi har ya fara hayaƙi. Mai shi ya ruga ya dafa shi, mutumin bai ƙara tashi ba.

A nan Kaka take tsayar da tatsuniyar. Ba ta rufe ta yadda take rufe sauran. Ɗaya daga cikin yayyena ta taɓa tambaya, "Kaka, an kwance wa tsohuwar bakin?" Ta tona garwashi ta ce, "An kwance. Amma me za ta ce kuma? Ku tashi ku yi alwala."

Na girma na shiga aikin lantarki a hannun Malam Adamu, dattijon da ke haɗa akwatin tayar da manyan injina. Ranar farko ya buɗe akwatin ya nuna mini abubuwa uku. Koren maɓalli na tayarwa. Jan maɓalli na tsayarwa. Na uku wata ƙaramar na'ura ce a ƙasa, wadda ke yanke wuta da kanta idan nauyi ya yi wa inji yawa.

"A takarda obalodi ce," in ji shi. "Mu nan tsohuwa muke ce mata. Idan mai inji ya gaji da ita, ya sa a tsallake ta da waya, shi ne ɗaure bakin tsohuwa."

Na ce, "Malam, daga ina sunan ya fito?"

Ya juya filaya a hannu, ya ce, "Kai ɗan Bukar ne, ba a gaya maka ba? Kakarka kan kawo mana fura wurin niƙa. Da ta ji sautin inji ya sauya, sai ta miƙa hannu ta danna ja, ko izini ba ta nema. Da muka ga wannan abu ma halinsa ke nan, sai na ce ga wata tsohuwar a cikin akwati. Wasa nake, aka yi dariya, suna ya bi gari." Ya ajiye filayar. "Ranar jajiberin kuma, babanka ya ce a sa waya. Ni na sa."

Kaka ta rasu shekara biyu kafin ranar da Malam Adamu ya gaya mini wannan. Ban samu na gaya mata na gane ba.

Yanzu daga Shira har Giade ma'aikata na faɗin kalmar suna dariya, ba su san ta wace ce ba. Ina jin su, ba na gyara musu. Kwanan baya wani Alhaji mai injin casar shinkafa a Gadau ya ce mini, "Malam, tsohuwar nan ta dame mu, ɗaure mana bakinta." Na duba bel, na duba ƙarfin wuta, na rage masa lodi, na rufe akwatin.

Ya ce, "Ba ka ɗaure ba."

Na ce, "Alhaji, wannan aikin an riga an yi shi sau ɗaya a gidanmu."