Ki Riƙa Motsa Baki Kawai

Har yau idan na ji ana yabon malamin waƙar nan, sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, amma ni dai ban huce ba.

Mu 'yan wani ƙauye ne a bayan duwatsun Roni, gidajen Kirista a cikinsa ba su da yawa. Majami'armu ɗaki ɗaya ce ta ƙasa, littafin waƙoƙi ma ɗaya ne, yana aljihun mai bishara, tunda dattawanmu ba su yi karatu ba. Saboda haka mutum ɗaya ne ke ba da waƙa, sauran su amsa. Yayata ce mai bayarwa. Ita ke jefa baiti kafin kowa ya buɗe baki, ta ja shi sama, ta lanƙwasa shi yadda ta ga dama, mu kuma mu bi bayanta. Matan Fulani masu tallar nono, Musulmi ne fa, sukan sauke ƙwarya a bakin katanga ranar Lahadi su tsaya su saurara.

A shekarun da kuɗin mai ya shigo, duk wanda ya dawo daga birni rataye yake da rediyo, aka sanar cewa za a tara yara da matasa na majami'un Kazaure da Roni da Gwiwa a hutun damina a koya musu waƙa. Aka ce malamin zai zo da rikoda, ranar rufewa zai ɗauki waƙoƙin a kaset, kowace majami'a a ba ta ɗaya. Hutun kuwa ya faɗo daidai lokacin maimai. Baba ba shi da ɗa namiji da ya isa riƙe fartanya, Yaya ce ke bin sa kunya bayan kunya. Duk da haka ya sake ta.

"Je ki, uwata," in ji shi. "Ciyawa ba ta taɓa gagarata ba. Ni dai in ji muryarki ta fito daga cikin akwatin nan."

Tare muka tafi, ni da ita. A wata makarantar firamare aka sauke mu, muka shimfiɗa tabarmi a azuzuwa, sauro ya samu nama. Malamin siriri ne, kullum cikin farar shat, da wata 'yar sanda a hannu. Bahaushe ne kamar mu, ɗan ƙauye kamar mu, sai dai ya yi karatu a wajen Turawa ya dawo yana jin kunyar duk abin da ya baro a gida. Ya raba mu kashi huɗu gwargwadon murya, ya rubuta do, re, mi a allo. Ni ya sa ni cikin masu siririyar murya, har yana yaba ni, alhali a gida ko kaji ba sa juyowa idan na yi waƙa.

Tsarinsa shi ne ya ɗaga sanda, kowa ya yi tsit, sai ya sauke ta a fara gaba ɗaya. To, a nan gizo ke saƙa. Tun tasowar Yaya, idan mutane suka yi tsit, ita suke jira. Sanda na sama, sai ka ji ta jefo baiti ita kaɗai. Ranar farko dariya aka yi. Washegari malamin ya buga sandar a tebur.

"Ke, nan ba dandali ba ne! Wa ya ce ki ba mu waƙa? Kuma wannan muryar hancin ta 'yan bori, a bar ta a ƙauye."

'Yan bori! Yarinyar da ta haddace littafin waƙoƙi kaf ba tare da ta taɓa riƙe shi ba. Na ga ta sunkuyar da kai, ni kuwa ji na yi kamar in fizge sandar in karya.

Ta yi ƙoƙari, wannan ni shaida ce. Idan an tashi cin tuwo sai ta zaga bayan aji tana matse murya, tana ƙirga da yatsu don kada ta riga kowa. Ta koyi jiran sandar. Amma muryar ba ta ɓoyuwa, ko ta fara tare da mu sai ta fito saman tamu. Ana gobe za a rufe, ya kira ta a gaban kowa.

"Ke babbar, gobe ki tsaya a layin baya. Ki riƙa motsa baki kawai, kada ki ɓata mana kaset."

Ta durƙusa ta ce, "To, Malam." Akwai fastoci zaune a inuwa, akwai matansu a bakin murhu, duk sun ji. Kowa ya ci gaba da abin da yake yi. Mai ilimi ya yi magana, shi ke nan. Su ma ina jin haushinsu, don sun san ta, sun sha cewa Allah ya yi mata baiwa.

Ranar rufewa ni aka tsayar a gaba, dab da rikodar. Sau ɗaya na waiwaya. Bakinta na buɗewa yana rufewa daidai da namu, ba ta kuskure ko kalma ba, kuma babu abin da ke fitowa.

A hanyar gida ta kama hannuna ta ce idan na faɗa wa Baba, ba ni ba ita. Muka tarar ya rame, kuma gonar da ke bakin dutse ciyawa ta riga ta cinye ta. Bai yi ƙorafi ba. Duk wanda ya tsaya gaisawa da shi sai ya gaya masa 'yarsa tana cikin kaset.

Sai bayan kaka kaset ɗin ya iso. Aka aro rikodar telan garinmu, aka sayo batir, bayan sujada kowa ya zauna a ƙofar majami'a, har maƙwabtanmu Musulmi. Baba ya matso da kujerarsa ya kara kunne. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, yana ta jira. Wata tsohuwa ta ce, "Wai ina 'yar tamu?" Can sai wata siririyar murya ta ɗan fito sama da sauran. Tawa ce. Baba ya ɗaga kai ya dubi Yaya.

"Ke ce nan, uwata?"

"Ni ce, Baba."

Ya sa tela ya mayar da wurin, ya sake saurara, ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Ikon Allah," in ji shi. "Malamin nan ya gyara miki murya, har ban gane ki ba."

"Ya gyara, Baba," in ji ta.

Lahadin da ta biyo baya mai bishara ya buɗe littafi, jama'a suka yi tsit kamar kullum. Yaya tana zaune kusa da ni, hannuwanta a kan gwiwa. Muka yi ta jira har shirun ya yi nauyi, daga ƙarshe mai bishara ya gyara murya ya fara da kansa.